Takardar asibiti a wurin ɗaurin aure: me take ganowa, me yake wuce ta?

Safiyar Asabar a cikin birnin Kano ta ɗaurin aure ce. Daga Yakasai zuwa Mandawari, daga Ƙoƙi zuwa Soron Ɗinki, da wuya ka ratsa lungu uku ba ka tarar da tabarmi shimfiɗe a ƙofar wani gida ba, manyan riguna sun cika hanya, babura sun jeru a jikin katanga, yara na jiran a fara rabon alawa. Abubuwan da liman yake tambaya kafin a shafa fatiha kowa ya haddace su: ina waliyyi, ina wakilin ango, nawa ne sadaki, lakadan ko ajalan. Tun daga watan Mayun 2024 doka ta ƙara tambaya ɗaya a kan waɗannan, wato ina takardar asibiti.

A wannan watan ne Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a kan dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a jihar Kano. Dokar ta ambaci cutar ƙanjamau, da ciwon hanta nau'in B da C, da gwajin jinin da ke nuna ko ma'aurata za su iya haifar mai sikila. Ta hana a ɗaura aure ba tare da shaidar gwaji daga asibitin da gwamnati ta amince da shi ba, ta tanadi tarar da za ta iya kai naira 500,000 ko ɗaurin shekara 5 ko duka biyun ga wanda ya karya ta, ta kuma haramta tsangwamar wanda aka samu da ɗaya daga cikin cututtukan.

Dokar ba daga sama ta faɗo ba. A 2012, zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, lokacin da Hukumar Hisba ƙarƙashin Malam Aminu Ibrahim Daurawa ta fara auren zawarawa da ma'aurata 100, gwajin ƙanjamau na cikin sharuɗɗan shiga. Haka aka yi a auren gata na watan Oktoban 2023, wanda aka ɗaura wa ma'aurata 1,800. Wannan ya yi aikin da tallar rediyo ta shekara da shekaru ba ta yi ba: jama'a suka ga malamai da rawani su ne ke cewa a je a ɗebi jini. Daga nan uban yarinya ya samu bakin magana. Abin da a da in ya faɗa za a ce ya zargi ɗan mutane, yau sai ya ce da manemin 'yarsa, yaro, ku je ku yi abin da hukuma ta ce.

Ina goyon bayan wannan doka, ba ni da wata tantama a kanta. Damuwata ita ce kada mu ɗauki takardar rana ɗaya a matsayin shaidar lafiyar gida har abada, domin akwai abubuwa da yawa da ba ta gani, kuma mata ne suka fi biyan kuɗin wannan rashin ganin da jikinsu.

Abin da ke faruwa a ɗakin gwaji

Da yawa daga masu tsoron gwaji ba su taɓa ganin yadda ake yin sa ba. A Asibitin Murtala da ke Ƙofar Mata, tsohon asibitin birni da ke aiki tun shekarun 1920, ko a ƙaramin asibitin unguwa, gwajin ƙanjamau na gaggawa bai fi ƙarfin ɗan yatsa ɗaya ba. Ma'aikaci zai goge kan yatsa da auduga, ya huda da 'yar tsinin allura sabuwa da zai fasa ledarta a gabanka, ya ɗiga jinin a kan wani siririn tsinken gwaji, ya ƙara ɗigon ruwan magani. Sai jira na kamar minti 15 zuwa 20. A wannan jiran ne za ka ga ƙaton namiji yana ta juya hularsa a hannu, idonsa a kan tebur. Layi ɗaya ya fito, ba a ga alamar cutar ba. Layi biyu, ba a yanke hukunci nan take. Ƙa'ida ita ce a sake da wani nau'in tsinken daban kafin a ce wa mutum yana ɗauke da ita. Ciwon hanta da tunjere ma ana iya duba su da irin wannan ɗigon jini.

Sai dai layi ɗaya yana da iyaka. Tsinken gaggawa ba ƙwayar cutar yake nema ba, yana neman martanin da jiki ya mayar mata ne, jiki kuwa yana ɗaukar lokaci kafin ya mayar. Wanda cutar ta shiga jikinsa makonni biyu ko uku da suka wuce zai iya karɓar takarda mai tsabta alhali a daidai wannan lokacin ne ya fi saurin yaɗa ta. Tazarar tana iya kaiwa kwana 90. Shi ya sa likitoci ke cewa duk wanda ya san ya shiga haɗari kwanan nan ya sake gwaji bayan wata uku. Wanda kuma abin ya same shi jiya ko shekaranjiya, kamar wadda aka yi wa fyaɗe ko ma'aikacin da allura ta soke shi, akwai maganin kariya da ake sha na kwana 28, amma dole a fara shi cikin sa'o'i 72.

Wannan ya kawo mu ga lokacin da mutanenmu ke zuwa gwajin aure. Galibi sai an kai kuɗi, an sa rana, an kai lefe, an yi jere, an raba katin gayyata, sannan saura mako guda a tuna da asibiti. In sakamako ya zo da matsala a wannan gaɓar, wane ne yake da ƙarfin zuciyar tsayar da biki? Iyaye sun ci bashi, dangi sun taso daga nesa, unguwa duk ta sani. A irin wannan matsin ne zuciya ke raya wa mutum ya nemi takardar bogi, ko ya tura abokinsa a ɗebi jininsa a madadinsa. Gwajin farko kamata ya yi a yi shi tun kafin manya su shiga maganar, lokacin da in an fasa babu wanda zai tambayi dalili, sannan a maimaita dab da biki. Kuma su je tare, a ɗebi jinin kowa a gaban ɗan'uwansa.

Cututtukan da ɗigon jini ba ya nunawa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a kowace rana fiye da mutum miliyan ɗaya ne ke kamuwa da cututtukan saduwa waɗanda ake warkewa daga gare su. A lissafinta na 2020, an samu sabbin kamu miliyan 374 na huɗu kawai daga cikinsu: ciwon sanyi na gonoriya miliyan 82, kilamidiya miliyan 129, tunjere miliyan 7, sai tirikomonas miliyan 156. Gonoriya da kilamidiya ba a ganin su a jinin ɗan yatsa. Fitsari ake aunawa, ko a shafo ruwan gaba da tsinken auduga. Ke nan ango zai iya riƙe takardar da ta cika dukkan sharuɗɗan doka, ya shiga ɗakin amarya da gonoriya.

Namiji yakan gane da wuri. Kwanaki kaɗan bayan kamuwa sai fitsari ya fara zafi, farin ruwa ko mugunya ta riƙa ɓata wando. Abin da yake yi kuma sananne ne. Ba asibiti zai nufa ba, kemis ɗin wata unguwa zai je inda ba a san shi ba, bayan sallar isha'i, ya jira layi ya watse, ya rage murya ya ce a haɗa masa na sanyi. A zuba masa ƙwayoyi kala uku ko huɗu a farar leda, na kwana biyu, gwargwadon kuɗin aljihunsa. Ko kuma ya tsaya gun motar masu maganin gargajiya da ke kafa lasifika a bakin kasuwar Kurmi ko Ƙofar Wambai, waɗanda jarka ɗaya a wurinsu ke maganin sanyi da basir da ciwon baya da rashin kuzari. Zafin ya lafa, ya ɗauka ya warke. Matarsa kuwa ba a ce mata komai ba.

Illar wannan biyu ce. Ta farko, ƙwayar gonoriya ta daɗe tana koyon jure magani. Penisilin ya daina yi mata, tetirasaikilin ya daina, sifuro da ake ta sayarwa a kemis ya daina a mafi yawan ƙasashe. Allurar seftiriyazon ce ta rage a matsayin abin dogaro, kuma an fara samun nau'in da ke jure ita ma a wasu ƙasashen Asiya da Turai. Duk rabin magani da aka sha aka ajiye, horo ne aka ba ƙwayar. Ta biyu ita ce ta cikin gida. Mace takan ɗauki gonoriya ko kilamidiya wata da watanni ba ta ji komai ba, ko ta ji ɗan ciwon mara da take ɗauka na al'ada ne. A hankali cutar ta haura mahaifa, ta kumbura bututun da ƙwai ke bi, ta bar tabo, hanya ta toshe. Bayan shekara uku babu haihuwa, sai a fara kallonta. Uwar miji ta fara gugar zana, a kai ta gun mai ruƙiyya, a ce iska ce ko sammu, daga ƙarshe a ce mijin ya ƙaro wata. Amaryar ta shigo, ita ma ta karɓi rabonta. Wata kuma cikin ya zauna mata a bututu maimakon mahaifa, ya fashe, a kwashe ta zuwa Murtala cikin dare jini na zuba a ciki.

A gidan da ake da mata biyu ko uku, magani ga mutum ɗaya ɓarnar kuɗi ce. In an yi wa uwargida an bar miji da amarya, kwanan girki biyu ya isa cutar ta dawo ɗakinta. Ma'aikatan asibiti sun saba da wannan: mace ta zo, a ba ta magani, a ce ta turo maigida, ba a sake jin ɗuriyarsa ba, bayan wata biyu ta dawo da irin kukan da ta zo da shi. Ita kuma wace mace ce a garin nan za ta iya tsayawa gaban mijinta ta ce likita na neman ka a kan ciwon sanyi, ba ta ji tsoron a juya zancen ya koma kanta ba?

Gwaji yana kuma wanke wanda ba shi da laifi, kuma wannan ɓangaren ba a cika faɗarsa ba. Ba duk ƙaiƙayi ko farin ruwa ne daga saduwa ba. Akwai na ƙwayar kandida da na rikicewar ƙwayoyin da ke zaune a gaban mace tun asali, waɗanda ke samun budurwa da matar aure da tsohuwa, kuma yawan tsarki da sabulu mai ƙamshi, da cushe-cushen kayan mata, da shan maganin kashe ƙwayoyin cuta barkatai na ƙara tayar da su. Duk mun tara su a ƙarƙashin suna ɗaya, sanyi, mun ce a masai ake ɗauka. Gonoriya ba a ɗaukar ta a masai. Kandida kuma ba shaidar cin amana ba ce. Ɗakin gwaji ne kaɗai zai raba waɗannan, kuma aure nawa ne ya mutu a kan zargin da tsinken auduga ɗaya zai kashe?

Tunjere ta fi su wayo. Takan fara da ɗan gyambo marar zafi da ke warkewa da kansa, daga baya ƙuraje su feso har a tafin hannu da na ƙafa su ma su ɓace, sai ta kwanta a jini shekaru. A jikin mai ciki take nuna kanta: ɓari, haihuwar gawa, bakwaini, ko jaririn da ba ya wuce kwanaki. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, jarirai kimanin 700,000 ne tunjere ta shafa daga uwa a 2022. Idan na ji ana kiran wata mai wabi, ana yi wa ɗanta tsaga ana sa masa sunan da zai kore mutuwa, nakan so a ce wani ya fara duba jininta da na mijinta. Maganin tunjere allurar penisilin ce mai daɗewa a jiki, tsohon magani mai araha, wanda in an yi wa mai ciki da wuri yakan tsirar da abin da ke cikinta. Yanzu akwai tsinke guda da ke duba ƙanjamau da tunjere a ɗigon jini ɗaya. Duk mai zuwa awo, a Asibitin Sabo Bakin Zuwo da ke Jakara ne ko a na Marmara ko a ko'ina, haƙƙinta ne ta tambaya ko an duba mata ƙanjamau da tunjere da ciwon hanta, ta kuma ji sakamakon da kunnenta. Uwa mai ƙanjamau da ba ta shan magani, cikin jarirai 100 tsakanin 15 zuwa 45 za su kamu. Da magani adadin yana sauka ƙasa da 5.

Idan layi biyu ya fito

Babban binciken da aka yi gida-gida a faɗin Najeriya a 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 49 ke ɗauke da ƙanjamau, kimanin mutum miliyan 1.9 a ƙasar, yankin Arewa maso Yamma kuma kashi 0.6. Binciken ya nuna ciwon hanta nau'in B ya kai kashi 8.1. Ma'ana, a cikin cututtuka masu yaɗuwa, abin da gwajin aure zai fi tonowa a Kano ciwon hanta ne, kuma a nan ne jahilci zai fi yin ɓarna. Mafi yawan masu ɗauke da nau'in B a ƙasashenmu tun suna jarirai ko yara suka same shi: daga uwa wurin haihuwa, ko daga askar da aka yi wa yara da yawa kaciya ko cire beli da ita ba a dafa ba, ko ƙaho, ko almakashin mai yankan farce, ko allurar da aka maimaita. Yarinyar da ba ta taɓa sanin namiji ba za a iya samun ta da shi. In dangin ango suka ji suka fara raɗe-raɗi a kan tarbiyyarta, an zalunce ta sau biyu. Kuma ba dole ne auren ya mutu ba. Akwai rigakafi, allura uku cikin wata shida, da abokin zama zai yi ya tsira, jaririnsu kuma a yi masa tasa cikin sa'o'i 24 da haihuwa, abin da ke kuɓuce wa masu haihuwa a gida in ba a yi azamar kai shi asibiti ba. Nau'in C ana warkewa daga gare shi da ƙwayoyin wata uku.

Ƙanjamau ma ba ita ce ta shekarun 1990 ba, lokacin da ake kiran ta kabari kusa. Ƙwaya ɗaya ce a rana, kyauta a asibitocin gwamnati da ke ba da ita. Wanda ya riƙe maganinsa har ƙwayar cutar ta daina bayyana a awon jini ba ya sa wa matarsa ta hanyar saduwa. Manyan bincike a ƙasashe da dama sun tabbatar da haka. Abin da ake bukata shi ne ɗayan ya sani, ya zaɓa da idonsa a buɗe. A watan Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bayarwa ƙasashen waje, aka ga yadda shirinta na PEPFAR, wanda tun 2003 yake ɗauke da kaso mai yawa na kuɗin magani da kayan gwaji, ya girgiza. Jihar da ta wajabta gwaji ta ɗaura wa kanta nauyin tabbatar da cewa tsinken gwaji da magani ba su yanke ba, ko da baƙo ya janye hannunsa.

Amma duk wannan bayanin ba zai kai mutumin cikin birni ɗakin gwaji ba in bai amince asirinsa zai rufu ba. A cikin ganuwa kowa ɗan'uwan kowa ne. Mai rubuta kati ƙanwar matar maƙwabcinka ce, mai gadin ƙofa da shi kuke sahu ɗaya a masallaci, wadda ke bayanka a layi tare aka yi bikinku. Shi ya sa wani zai bar asibitin da ke bayan gidansa ya tafi Asibitin Malam Aminu Kano a titin Zariya, ko Asibitin Zana, ko ma ya bar garin. Wata masaniyar halayyar al'umma 'yar Amurka, Kathryn Rhine, ta yi shekaru tana bincike a tsakanin matan Kano masu ɗauke da ƙanjamau, littafinta na 2016 kuma kusan gaba ɗayansa a kan sirri yake: yadda mace ke ɓoye magani, ta kula da ado da ƙiba don kada a gane, domin abin da take tsoro saki ne da rasa mutunci. Ga kuma tsohon tabo. Mutanen Kano ba su manta gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara kimanin 200 a Asibitin Zana lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, inda 11 suka rasu. Wanda ya ce yana ɗari-ɗari da a ɗebi jininsa yana da tarihin da yake tunawa, kuma da kyakkyawar mu'amala ake rarrashinsa.

Dokar tarayya ta 2014 ta haramta nuna wariya ga masu ƙanjamau da bayyana sakamakon mutum ba da yardarsa ba. A aikace wannan yana nufin sakamakon gwajin aure na mutum biyu ne, su da likitansu. Bai kamata ya bi ta hannun suruki ko wakili ko abokin ango ba, bai kuma kamata a karanta shi a soro ba. Liman shaidar an yi gwaji kuma kowannensu ya san halin ɗan'uwansa yake bukata. Ma'aikacin da ya fitar da sirrin marar lafiya ya cancanci hukuncin da sauran za su ji su shiga taitayinsu, domin bakinsa ɗaya yana iya korar unguwa guda daga asibiti. Ga wanda kunya ta hana shi fita kwata-kwata, akwai na'urar gwada kai da ake samu a manyan shagunan magani, irin su OraQuick, wadda ake shafawa a dasashi a karanta bayan minti 20. In ta nuna layi biyu sai a je asibiti a tabbatar.

Saura maza, kuma da ku nake, 'yan'uwana magidanta. Mace tana haɗuwa da gwaji ko ba ta nema ba, a wurin awo da wurin haihuwa. Namiji kuwa in ba aure zai ƙara ba ko jini zai bayar, yana iya shekara ashirin ba a duba shi ba, alhali shi ne ke zagaya ɗakuna, shi ne ke tafiyar fatauci ta watanni, shi ne ke saki ya auro bazawara ya mayar da tsohuwa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda ya ga mugunya, ko gyambo, ko ƙuraje a gabansa, ko ya ji zafin fitsari, ko matarsa ta dawo daga asibiti da saƙon likita, ya je da kansa ya faɗi gaskiyar abin da ya faru da ranar da ya faru, domin da ranar ce likita zai san gwajin da ya dace da lokacin da za a maimaita. Ya nemi a duba masa fitsari, ba jini kaɗai ba. In an rubuta magani, shi da matansa duka su sha a lokaci guda, su shanye, su ƙaurace wa shimfiɗa har kwana bakwai bayan an gama, sannan su koma a sake dubawa bayan wata uku.